DARASI: Free Fire, PUBG ko Call of Duty, wanne ya fi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tambayar nan ta yawaita daga matasanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam: "Malam, tsakanin Free Fire da PUBG da Call of Duty wanne ya fi, kuma bugawar ta halatta?" Na san wasu dattawa za su ce wannan ba abin da limami zai ɓata tawadarsa a kai ba ne. To amma abin da ke cinye daren yaro, ya taɓa kuɗin takin ubansa, ai ya zama mas'alar fiƙihu ko mun so ko mun ƙi.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Duk ukun gem ne na harbi da ake bugawa a waya ta intanet, da mutane na gaske. PUBG na wani kamfani ne a Koriya ta Kudu, na wayarsa ya fito a 2018: mutum ɗari ake zubewa a tsibiri, a yi ta harbin juna har a bar ɗaya ko ƙungiya ɗaya, kuma zagaye guda kan kai wajen rabin awa. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito a 2017: mutum hamsin, wajen minti goma, ga shi ba ya wahalar da ƙaramar waya, shi ya sa ya fi shiga ƙauyuka. Call of Duty na waya ya fito a Oktoban 2019, kuma shi ne ainihin irin wanda kake kallo ta idon mai bindigar, hannunsa da bakin bindiga kawai kake gani.

Musulunci bai hana wasa ba. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Da magabata suka zo kan shaɗaranji, wato dara irin ta sarki da dawakai, sun yi saɓani: Imamu Malik ya ƙi ta, Imamu Shafi'i ya sassauta zuwa karhanci. Inda ba su saɓa ba shi ne idan an sa kuɗi, ko wasan ya hana wajibi, ya haramta. Wannan ma'aunin zan ɗora wa gem.

Mu fara da lokaci, don nan ne ɓarnar ta fi. Gem ɗin da kake bugawa kai kaɗai kana iya tsayar da shi ka je ka dawo. Waɗannan ba a tsayar da su. Idan ka ajiye waya za a harbe ka, abokanka su zage ka, matsayinka ya sauka. Saboda haka wanda ya shiga zagayen PUBG saura minti goma a kira Magariba, kada ya ce sallah ce ta riske shi. Tun da ya danna shiga ya riga ya zaɓi barin jam'i, ya san tsawon abin. Ta wannan fuskar Free Fire da gajerun zagayen Call of Duty sun fi sauƙi. Sai dai gajartar ma tarko ce. "Ɗaya kawai zan ƙara," "wannan ne na ƙarshe," sai ga ƙarfe biyu na dare, Asuba kuma ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka.

Mu a nan akwai wani abu bayan sallah. Ruwan da ke zuwa mana daga dam ɗin Tiga ba ya jiran kowa. Uba ya tura yaro ban ruwa, yaro ya buɗe ruwa ya zauna a gindin kunya ya shiga gem. Kafin ya ɗago kai ruwa ya cika ya karya, ya wanke yuriyar da aka zuba jiya, ya faɗa gonar maƙwabci ya kwantar masa da dashe. Wannan ya wuce maganar lagwu, ya zama cin amana da ɓata dukiyar wani, kuma wanda ya ɓata dukiyar mutum da sakaci biya ya hau kansa. Haka wanda aka ɗauka tsaron tsuntsu, jan baki na cin shinkafa shi yana can yana kare tsibiri. Kuɗin aikin da ya karɓa da yamma, na me ya karɓa?

Sai kuɗi. Gem ɗin kyauta ake saukewa, amma a ciki ake tatsar mutum: UC a PUBG, Diamond a Free Fire, CP a Call of Duty. A nan a rarrabe. Idan ka biya sanannen farashi ka sayi sananniyar riga ko fentin bindiga, mafi ƙarancin abin tsoro almubazzaranci ne. Amma akwatin nan ko juyin nan da kake biya ba ka san me zai fito ba, ko abu mai tsada ko tarkace, wannan garari ne kuma maisir ne, wato caca. Ƙasar Beljiyam, da ba da shari'a take aiki ba, tun 2018 hukumarta ta ce irin akwatunan nan caca ne. Haka wanda ake yi a majalisa, kowa ya zuba ɗari biyar wanda ya ci ya kwashe. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Allah Ya ambaci illar caca da haddasa gaba da toshe mutum daga sallah. Ku dubi majalisunku ku gaya mini ko ba haka ake gani ba.

Wani ɗalibi ya kawo hujja mai ɗan wayo. Ya ce ai hadisi ya halatta sa lada a gasar harbi da tseren dawaki da raƙuma, gem kuma harbi ne. A'a, ɗan'uwa. An halatta wancan ne don yana gina ƙarfin jiki da gwanintar da al'umma ke bukata. Babban yatsan da ke goga gilashi ko gwafa bai koya ba.

Akwai kuma abin da ya taɓa aƙida, kuma ba zato ba ne. A 2020 PUBG ya sa wasu gumaka da ɗan wasa ke rusuna musu don ya samu ƙarin lafiya, sai da Musulmi suka yi ca aka cire, kamfanin ya ba da haƙuri. A 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard, shi ma aka cire bayan ƙorafi. Majalisar malaman Aceh a Indunisiya ta haramta PUBG a 2019. Ni ban kai ga haramta gem ɗin a karan kansa ba, kuma ba na cewa duk mai bugawa ɗan ta'adda zai zama. Amma duk inda ka ga rusuna wa gunki ko wulaƙanta abin alfarma, fita wajibi ne.

To wanne ya fi? Ba wanda zan ce je ka sauke. Ga wanda ya riga ya shiga, mafi ƙarancin sharri shi ne gajeren zagaye, bayan ka sauke sallah da aikin gona, ka kashe kiɗa, ba akwati, ba zubi. PUBG ya fi cin lokaci. Free Fire kuwa shi na fi ji wa ƙananan yara tsoro, don shi ne wayarsu ke ɗauka.

Masu tambayar sababbi: kusan kowace shekara ana fitar da sabon Call of Duty a Oktoba ko Nuwamba, GTA 6 kuma an ce Nuwamban 2026. Waɗannan ba na waya ba ne, sai PlayStation da makamantanta, GTA kuwa tun asali a kan sata da fasiƙanci aka gina shi. Ku lura lokacin ya yi daidai da girbin shinkafar damina, sa'ad da kuɗi ke shiga hannun matasa, alhali irin alkama da takin rani na jira.

Iyaye, fasa waya ba ya magani, zai ara ta abokinsa. Ku tambaye shi wane gem yake bugawa, minti nawa zagayensa, kuma ko ya taɓa sa kuɗi. Wanda za a tura ban ruwa ya bar babbar waya a gida, a ba shi ƙarama ta kira.

Wallahu a'alam.