Sabuwar dabarar yaƙi da ƙwayar cutar sida

Masu karatu, darasinmu na yau ya shafi yadda masana suke tare wa ƙwayar cuta hanya a cikin jikin mutum.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. Kusan kowane irin ɗaki yana da ƙurya, inda ake ajiye umurnin halitta da muka gada daga iyaye. Masu aiki a cikinsa su ne sinadaran da ake kira furotin. Ƙwayar sida ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga ɗakin, ta sa ma'aikatansa su yi mata aiki.

Tun daga AZT a 1987, yawancin magunguna kayan aikin ƙwayar suke lalatawa. Ita kuwa tana yawan sake kama, har wani magani ya daina cin ta.

Sai masana suka duba wani wuri dabam. Ƙwayar tana rufe gadonta cikin wani ɓawo na furotin, kamar gyaɗa a ɓawonta. Kafin ɓawon ya wuce ƙofar ƙurya, sai wasu furotin na jikinmu sun kama shi a wani ɗan gurbi, sun raka shi. Biyu daga cikinsu ana kiran su CPSF6 da Nup153. Ba dole ba ne mu haddace sunayen. Maganin lenacapavir, na kamfanin Gilead a Amurka, wannan gurbi yake tarewa. Ƴan rakiya su rasa mariƙa, tafiya ta lalace, sababbin ƙwayoyi kuma su fito da gurɓataccen ɓawo.

An amince da shi a 2022 domin waɗanda sauran magunguna suka daina yi musu aiki. A 2024 aka bayyana sakamakon gwajinsa a matsayin kariya ga ƴan mata a Afirka ta Kudu da Uganda. Cikin 2,134 da aka yi wa allura duk wata shida, babu wadda ta kamu. A 2025 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a yi amfani da shi.

Amma mu lura, ba ya warkar da sida. Wanda yake shan maganinsa kullum kada ya bari. Kuma ba a yin allurar kariya sai likita ya auna jini, domin in mai ɗauke da cutar ya karɓe ta ita kaɗai, ƙwayar tana iya sabawa da maganin.