Allurar da ke ƙara fararen ƙwayoyin jini: abin da mai bayarwa ya kamata ya sani

Ƴan uwa masu karatu, mun san kyautar jini. A darasinmu na yau za mu duba wata kyautar ta daban, wadda ake yi a manyan asibitoci: kyautar fararen ƙwayoyin jini. Wata rana ana iya neman ɗayanmu ya yi ta saboda ɗan uwansa.

Mene ne fararen ƙwayoyi?

Su ne sojojin jiki, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A cikin ɓargon ƙashi ake haifar su. Mai ciwon dajin jini, ko wanda magani mai ƙarfi ya raunana wa ɓargo, yakan rasa su. A lokacin nan ƙaramar cuta ma tana iya kashe shi.

Amma fararen ƙwayoyin da ke yawo cikin jinin mai lafiya ba su isa a ɗiba a ba wani. Shi ya sa ake fara yi wa mai bayarwa allura.

Aikin allurar

Jikinmu yana da wani sinadari da likitoci ke kira G-CSF. Yadda taki ke sa gero ya yi yabanya, haka yake sa ɓargo ya ƙara haihuwar ƙwayoyi. Masana sun sarrafa irinsa, sun sa masa suna filgrastim, kuma Amurka ta yarda da amfani da shi a 1991.

Masu bayarwa iri biyu ne. Na farko yana ba da fararen ƙwayoyin da suka nuna. Ana yi masa allura 1, kamar awa 12 kafin ɗiba. Dole a ƙara wa majinyaci su cikin awa 24, don ba su da tsawon rai. Na biyu yana ba da irin ɓargo, wato ƙwayoyin da ke haifar da jini. Shi ana yi masa allura kullum, kwana 4 zuwa 5.

Ranar ɗiba, jini na fita ta jijiyar hannu ɗaya zuwa cikin inji. Inji ya tsame abin da ake so, ya mayar da saura ta ɗaya hannun.

Abin da mai bayarwa zai ji

Yawanci akan ji ciwon ƙashi a baya, ƙugu ko ƙirji, da ciwon kai, gajiya da ɗan zazzaɓi. Farasitamol yana rage su, kuma suna wucewa ƴan kwanaki bayan allurar ƙarshe. Kada a sha asfirin, domin ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sukan ragu a wannan lokaci. An bi lafiyar dubban masu bayarwa shekara da shekaru, ba a ga allurar ta ƙara musu ciwon dajin jini ba.

Abubuwa uku da ba a ɓoye wa likita

1. Amosanin jini, wanda muke kira emasi. Ba a yi wa mai SS wannan allura, don tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani, har ya rasa ransa. Mai AS kuwa, likita ne zai duba ya yanke shawara. Mu nemi gwaji tun kafin allurar farko.

2. Saifa. Allurar tana kumbura ta na ɗan lokaci, kuma, ko da yake ba safai ba, tana iya fashewa. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kumbura wa saifa ya faɗa. A dakata da kokowa, daka da ɗaukar buhu sai likita ya ba da izni. In an ji ciwo a hagun ciki ko kafaɗar hagu, a garzaya asibiti.

3. Juna biyu. Mace mai ciki ba ta yin wannan kyauta.

Taimakon ɗan uwa alheri ne babba, amma ba a tilasta wa kowa. Mu tambaya, mu fahimta, mu faɗi gaskiyar lafiyarmu, don kada gida ya tashi da majinyata biyu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A ina ake haifar fararen ƙwayoyin jini?
2. Don me ba a yi wa mai SS wannan allura?
3. Wane ciwo ne zai sa a koma asibiti nan take?