Tankar Yaƙi: Darussa Biyu na Kimiyya Daga Fagen Fama

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin raƙumi yana ratsa rairayi ya san ba ya nitsewa kamar jaki, duk da ya fi jaki nauyi. Asirin yana cikin faɗin tafin ƙafarsa. Wannan ƙa'ida ce aka gina tankar yaƙi a kanta, kuma ita za mu duba a wannan maƙala, tare da wata ƙa'idar ta biyu da ta shafi sulke.

Matsalar da ta haifi tanka

A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Jamus da na Faransa da Ingila sun haƙa dogayen ramuka suna fuskantar juna, tun daga gaɓar teku a Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, tsawon kimanin kilomita 700. Tsakaninsu sai taɓo da waya mai ƙaya, ga kuma bindigogi masu jigida. Ran 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme, sojojin Ingila fiye da 19,000 ne suka mutu suna ƙoƙarin ƙetare wannan fili. Mota mai taya kuwa ba ta iya shiga, domin kafewa take yi.

Darasi na farko: danniya

A ilmin fiziya, danniya ita ce nauyin abu idan aka raba shi da faɗin wurin da ya taɓa ƙasa. Wato in faɗin ya ƙaru, danniya sai ta ragu. Tayar mota ɗan wuri kaɗan take taɓawa, saboda haka nauyi ya kan taru a nan, ta lume. Injiniyoyi biyu na Ingila, William Tritton da Walter Wilson, sai suka ari dabarar taraktocin noma na Amurka masu tafiya a kan sarƙa. Sarƙar faffaɗa ce, tana baza nauyin a kan doguwar shimfiɗa, tamkar dai motar tana shimfiɗa wa kanta hanya tana naɗewa.

An sa mata suna "tanki" ne don a ɓatar da 'yan leƙen asiri, su ɗauka tankunan ruwa ake ƙerawa. Samfurin farko, Mark I, ya shiga fage ran 15 ga Satumba 1916 a Faransa. Nauyinta kusan tan 28 ne, mutum 8 ke cikinta, kuma gudunta bai wuce kilomita 6 a awa ba. Da yawa sun lalace tun kafin su isa ga abokan gaba, waɗanda ke ciki kuma ga zafi ga hayaƙin inji. Amma a Cambrai, ran 20 ga Nuwamba 1917, tankoki fiye da 370 sun tattake waya, suka kutsa kimanin kilomita 8 cikin yini guda. Sai dai bayan kwana goma Jamusawa sun ƙwace mafi yawan wurin, abin da ya nuna cewa tanka ita kaɗai ba ta riƙe ƙasa sai da sojan ƙasa a bayanta.

Darasi na biyu: karkata sulke

Da aka ƙera bindigogin fasa tanka, sai maƙera suka shiga tsaka mai wuya. In an ƙara kaurin ƙarfe, nauyi ya ƙaru, danniya ta ƙaru, gudu ya ragu. Tarayyar Sobiyat ta sami mafita a tankarta T-34 ta 1940. Kaurin ƙarfen gabanta milimita 45 ne, amma an karkatar da shi da digiri 60 daga tsaye. Harsashin da ya zo a miƙe dole ya ratsa ƙarfen a karkace, don haka tafiyarsa a ciki ta zama milimita 90, wato ninki biyu. Sau da yawa ma zamewa yake yi. Ga kuma faffaɗar sarƙa wadda ta ba ta damar bin taɓo da dusar ƙanƙara inda tankokin Jamus suka riƙa kafewa a 1941.

Gwaji a makaranta

Malami na iya nuna wa ɗalibai waɗannan darussa ba tare da kashe ko kwabo ba. A sami bulo ɗaya da jiƙaƙƙen yashi. A ajiye bulon a kwance, sannan a tsaye, a auna zurfin sawun kowanne. Bayan haka a yanka doya ko sabulu a miƙe, a sake yankawa a karkace, a gwada tsawon yankan biyu da rula.

Kammalawa

Sarƙar da ta ratsa ramukan Faransa daga gona aka aro ta, kuma ita ce dai ke ɗauke da katafilar da ke share mana hanya. Ƙa'idar ɗaya ce a duk wuraren uku. Abin da ya bambanta shi ne aikin da ɗan Adam ya zaɓa ya sa ta.