Amsoshin Tambayoyinku: Gajeriyar Hanyar Folda Ta Ƙi Fitowa

Tambaya: Ina kula da kwamfutoci 15 a makarantar koyon kwamfuta. Na rubuta fayil ɗin batch domin ya ajiye gajeriyar hanyar foldar darussa a fuskar kowace kwamfuta, amma a tawa kaɗai yake aiki. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Fayil ɗin batch jerin umarni ne da ake rubutawa a Notepad, a ajiye da .bat a ƙarshen sunansa, sai Windows ta bi shi layi bayan layi. Ina kyautata zaton sunanka ka saka a adireshin, kamar C:\Users\Malam\Desktop. To, sauran kwamfutocin ba su san Malam ba.

Maganin shi ne %USERPROFILE%. Wannan gurbi ne da Windows ke cikewa da adireshin foldar duk wanda ke amfani da kwamfutar a lokacin. Kai ma kana iya ƙirƙirar naka gurbin da umarnin set:

set "DARASI=D:\Darussan Yara"
mklink /J "%USERPROFILE%\Desktop\Darussa" "%DARASI%"

Layin farko ya raɗa wa doguwar hanyar suna. Na biyu ya buɗe mata ƙofa a fuskar kwamfutar. Kada ka bar tazara kafin ko bayan alamar =, kuma kada ka cire alamomin zance, domin akwai tazara tsakanin "Darussan" da "Yara". In babu su, Windows za ta zaci abubuwa biyu ne.

Sai ɗan gyara. Da yawa na ɗauka mklink, wanda ya zo tare da Windows Vista, shi ke yin gajeriyar hanyar nan da aka saba, mai ƙarewa da .lnk. A'a, ita wannan sai batch ya nemi taimakon wata manhaja kamar PowerShell. Abin da /J ke yi mahaɗa ce, ba ta buƙatar izinin mai kula da kwamfutar, sai dai ba ta kai wa ga foldar da ke wata kwamfutar daban.

Abin lura, ƙofa ka buɗe, ba kwafi ka yi ba. Idan ɗalibi ya goge fayil ta cikinta, na ainihin ya goge. In kana son rufe ƙofar kawai, rubuta rmdir da adireshinta, darussan na nan lafiya lau. Fara gwadawa da foldar da babu komai a ciki. Allah Ya taimaka.