Malam-Buɗe-Littafi Matafiyi Ne

Da damina ta ja baya, audugar Yankara ta yi fure, sai a ga malam-buɗe-littafi ko'ina a gefen gonaki. Yawancin mutane ba su kula da shi, sai yara masu binsa da gudu. Amma masana sun daɗe suna bin sawunsa, sun gane cewa wasu irinsa matafiya ne kamar shamuwa, suna da lokacin zuwa da lokacin komawa.

Wanda ya fi suna cikinsu yana ƙasar Amurka, Turawa suna kiransa Monak, watau sarki. Kowace kaka yakan tashi daga Kanada da arewacin Amurka ya nufi kudu, tafiyar da takan kai mil 3,000. Shekaru da yawa ba a san inda yake sauka ba. Wani malami na Jami'ar Toronto, Fred Urquhart, shi ya ƙago liƙa wa fiffikensa 'yar takarda mai lamba, dubban mutane suka taya shi, duk wanda ya tsinci mai lamba ya aika da sunan gari da kwanan wata. Da haka aka bi hanyar a taswira, har a watan Janairu na 1975 aka iske su jibge a kan itatuwa a duwatsun Michoacan, ƙasar Meksiko.

Sanin masauƙinsu ya sa aka iya auna yawansu. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe daji kusan eka 45. A na 2013 zuwa 2014 ko eka 2 ba su cika ba. Da aka bincika, sai aka ga babban dalili yana gona. Tsutsar Monak ba ta cin kome sai wani tsiro mai farin ruwa, dangin tumfafiya, maganin ciyawa kuwa ya ƙarar da shi daga gonakin masara da waken soya. Ga kuma saran itace a masauƙin.

To, ƙasar Hausa ma tana da nata. Akwai ɗan'uwan Monak, mai jan fiffike da baƙi da fari a baki-baki, wanda ke saka ƙwai a ganyen tumfafiya. Tsutsarsa tana cin ganyen ta ɗauki dafinsa, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale shi. Akwai kuma wani ƙarami mai ɗige-ɗige, wanda sunansa da Turanci ke nufin mace mai kwalliya. Wannan shi ne babban matafiyi. A 2016 wasu masana biyu, Gerard Talavera da Roger Vila, suka bayyana cewa yakan taso daga Turai ya ƙetare Sahara a ƙarshen damina, ya yi ƙwai a ƙasashe irin su Sanagal da Binin da Cadi da Habasha. Zuwa da komawa ya kai mil 7,500, amma ba ɗaya ke yin ta duka ba: wanda ya taso daban, jikokinsa ne ke komawa.

Yaya ake zana taswirar abin da ba ya zama wuri ɗaya? Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Da fari a rubuta kowane wurin da aka ga tsutsar, da watan da aka gan ta. Sa'an nan a nemi labarin wurin: yawan ruwan sama, da zafi, da irin ciyawarsa. Sai a ba kwamfuta, ta auna sauran wuraren da ba a je ba, ta nuna masu kama da na fari, wata bayan wata. Daga nan a tura mutane su duba ko gaskiya ne, in an sami kuskure a gyara. Kamar Bafillatani ne, wanda bai taka kowane daji ba, amma in ya ji inda aka yi ruwa ya san inda ciyawa take. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa in hoton tauraron ɗan'adam ya nuna dajin Afirka ta Yamma ya yi kore sosai, mai kwalliyar nan takan yi yawa a Turai da bazara.

Mai karatu zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Ruwansa babba ne. Da irin wannan taswira ake bin sawun farar dango, a yi wa ƙasashe gargaɗi tun ba ta iso ba. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, uwarta ma mai fiffike ce, da dare take tafiya. Kuma fesawar da ke kashe malam-buɗe-littafi ita ke kashe zuma, wadda ke kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, 'ya'ya su ƙaru.

Saboda haka ga abin da ya kamata manoman Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa su kiyaye. Kada a yi feshi sai an duba an ga ƙwarin da ke ɓarna. In ya zama dole, a yi da maraice, lokacin da zuma ta koma, kada iska ta kai maganin bayan gona. A bar ciyawar kan iyaka da 'yan tumfafiyar da ba su tare garma ba. A daina sa wa daji wuta don neman ɓera. Malaman makaranta da akawuna kuma suna iya taimako: in sun ga ayarin ƙwari, su ɗauki hoto da waya, su rubuta gari da kwanan wata, su kai wa malamin gona. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba da amfani mai albarka, amin.