Amsoshin Tambayoyinku: Ina Jirgin Ƙasa Ya Tsaya a Yankin Gobir?

Wani mai sauraronmu daga Burkusuma, ƙaramar hukumar Sabon Birni, yana tambaya ko jirgin ƙasa ya taɓa zuwa yankinsu.

To Malam, bai taɓa zuwa ba. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ce tasharku mafi kusa, idan ka biyo ta Isa da Shinkafi. Ko birnin Sakkwato bai samu ba.

Don gyaɗa da auduga da fatu aka yi shi, shi ya sa ya bi inda kamfanonin Turawa ke awo. Jakuna da raƙuma su sauke kaya a tasha, 'yan dako su loda a taragu, sai tashar jiragen ruwa ta Legas. 'Yan ci-rani ma a tashar Ƙauran Namoda suke hawa da tabarma da ƙullin guzuri, mai tuwo-tuwo kuma ta yi cinikinta.

Da cinikin gyaɗa ya ja baya, manyan motoci suka karɓe lodi, tashar ta yi sanyi. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuwa, ta Katsina da Jibiya zai bi, ba ta yankinku ba.