Darasin Kimiyyar Zamantakewa: Me Ke Tara Mutane, Me Ke Watsa Su?

Ɗalibai, yau za mu duba tambayar da masana birane suka daɗe suna yi: me ke tara wasu mutane a wuri guda, me kuma ke watsa su? Misalinmu daga nan Katsina yake, kodayake ba a cika kawo shi aji ba, wato gidajen mata da 'yan daudu. Hukuncin addini yana da malamansa. Aikinmu a nan shi ne lura da abin da ya faru da kuma gano dalilinsa.

Mu fara da abin da aka gani. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike, Renée Pittin, ta zauna a birnin nan tana nazarin sana'o'in mata, ta kuma yi rubutu a kan gidajen mata a 1983. A wancan lokacin, a irin waɗannan gidaje zawarawa da matan da suka bar garuruwansu ke kama ɗaki, suna da Magajiya mai sasanta rigimarsu. 'Yan daudu kuwa suna raɓe da su. Kusa da tasha ko kasuwa za ka tarar da ɗan daudu ya ɗaura zani a kan riga, yana tuƙa tuwo ko yana juya kaji a kaskon suya, direbobi da fasinjoji na miƙo kwano. Idan an yi biki ko wasan bori, suna cikin masu rawa.

Ku kiyaye wani abu da Rudolf Gaudio ya nuna a littafinsa na 2009, bayan shekarun da ya yi yana bincike a Kano: ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ba kuma duk mai neman maza ne ɗan daudu ba. Da yawansu na da mata da 'ya'ya. Abin da ya haɗa su shi ne sana'a da rufin asiri. Yaron da aka kora daga gida yakan sami babban ɗan daudu ya zama "uwa" gare shi, ya koya masa girki, ya ba shi wurin kwana, ya yi jinyarsa in ya kwanta. A ganina wannan shi ne ainihin aikin matattarar, shi ne kuma abin da mai wucewa a kan hanya ba ya gani.

Yanzu sai sauyin. Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya tsallake ganuwa, filin da ke bakin gari ya koma tsakiya, kuɗinsa ya tashi. A 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka rufe gidajen mata, wasu mazaunansu suka nufi Abuja, wasu suka tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa wajen Maraɗi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiya ko wurin taruwar masu neman jinsi ɗaya.

Ga inda kimiyyar take. A Amurka ma unguwannin 'yan luwaɗi da maɗigo, irin su Castro a San Francisco, inda aka zaɓi Harvey Milk kansila a 1977, suna ta sauya kama. Masanin zamantakewa Amin Ghaziani ya nuna a 2014 cewa tsadar haya ce ta kori wasu, wasu kuma sun fita don sauran unguwanni sun daina ƙyamarsu, sannan wayar hannu ta rage buƙatar zuwa mashaya don a sadu. Can sassauci da kuɗi ne suka watsa taron, nan kuwa matsi ne ya fi ƙarfi. Sakamakon ya yi kama, musabbabin ya sha bamban. Don haka in kun ga wuri ya zama kufai, kada ku yi saurin cewa kun san abin da ya tashe shi.

Kada kuma ku ɗauka rufe wuri na nufin mutanensa sun ƙare. Kamar ruwan da aka tare wa hanya ne, ƙarƙashin ƙasa yake bi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ana iya auna illarsa. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano cewa a cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar 2014. Mutumin da ke tsoron gwajin ƙanjamau yana iya komawa gida da cutar bai sani ba, kuma sau da yawa akwai matar aure da jariri a gidan.